Darasi: Bawul da Cinikinsa, Daga Titin Haɗeja Zuwa Ƙetaren Iyaka

Duk wanda ya taso daga Yankaba ya miƙi titin Haɗeja ya nufi Gezawa zai ga yadda gonakin gero da dawa suka cuɗanya da katangun masana'antu. A Tokarawa da Gunduwawa da Jogana akwai kamfanonin roba, da na casar shinkafa, da na matsar mai. Daga waje, tirela da bututun hayaƙi kawai ake hange. A ciki kuwa bututai ne suka ratsa ko'ina, wannan na ɗauke da ruwa, wancan da tururi, wani da man gas ko man gyaɗa. A kan kowane bututu akwai wani ƙarfe da aikinsa shi ne ya buɗe hanya, ya rufe ta, ko ya rage gudun abin da ke wucewa. Shi ake kira bawul.

An shirya wannan darasi ne saboda ɗalibin da ke son shiga cinikin waɗannan kaya da kamfanoni, a nan gida ko a ƙetare. Watakila ya yi yaron shago a kasuwar Ƙofar Ruwa, watakila ya yi lebura a ɗaya daga cikin masana'antun nan, ko kuma manomin rani ne da ya saba kwance injin ban ruwa. Kowannensu ya riga ya riƙe wani ɓangare na ilimin, saura a haɗa.

Magidanci idan famfonsa ya lalace, guda ɗaya zai saya, kuma farashi zai fara tambaya. Kamfani ba haka yake ba. Yakan aiko da takardar oda ta guda ashirin ko hamsin, da lambobi rubuce a gefen kowanne, kuma sau da yawa sai bayan an kai kaya an duba ake biya. In bawul ɗaya ya ƙi aiki a injin casar shinkafa, layin duka ne zai tsaya, ma'aikata su zauna, shinkafar da ke jiƙe ta fara tsami. Asarar yini guda ta ninka kuɗin bawul ɗin nesa ba kusa ba, kuma wannan asarar ce injiniyan kamfani yake tunawa duk lokacin da ya ga sunan wanda ya kawo kayan.

Mafi yawan bawul na masana'antu da ake sayarwa a Kano shigo da su ake yi. Kaso mai tsoka daga lardin Zhejiang na ƙasar Sin yake fitowa, inda birnin Wenzhou ya yi suna a na ƙarfe, Yuhuan kuma a na tagulla. Akwai na Indiya, da na Turkiyya, da na Italiya. Suna sauka a tashoshin Apapa da Tin Can a Legas, su taho Kano ta mota, ko su bi ta tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023. Ke nan Bakanon da ke kai bawul Maraɗi ko Damagaram ba shi ya ƙera ba. Abin da yake da shi wanda masana'antar Wenzhou ba ta da shi shi ne kusanci da mai saye, da sanin wane ƙarfe ne ya dace da wane aiki.

Kowanne da aikinsa

Wanda aka fi sani shi ne get-bawul, mai sitiyari a ka. Idan aka juya sitiyarin, wani faifai mai kauri a sama, siriri a ƙasa, yana sauka ya toshe hanya, ko ya ɗaga ya bar ta fayau. Amfaninsa shi ne in ya buɗe duka ba ya rage wa ruwa ƙarfi. Amma an yi shi ne don buɗewa duka ko rufewa duka. Ma'aikata da yawa sukan bar shi rabi don su rage ruwa, sai gudun ruwan ya riƙa kaɗa faifan yana cin gefensa, bayan 'yan watanni ko an ɗaure shi tamau sai ya riƙa ɗiga. Daga nan a ce ɗan kasuwa ya kawo jabu, alhali tun farko ba shi ya kamata a saya ba.

Mai aikin rage gudu shi ne gulob-bawul. A ido yana kama da na farko, shi ma sitiyari gare shi, sai dai cikinsa ya fi tudu. A cikinsa ruwa ko tururi yana lanƙwasa ya hau ta wani rami, marfi kuma yana sauka a kan ramin kaɗan-kaɗan, don haka ana iya daidaita shi yadda ake so. Shi aka fi sa wa a layin tururi. Akwai kibiya a jikinsa mai nuna inda abu zai bi, in aka juya shi baibai ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Ɗan kasuwan da ya iya bambanta waɗannan biyun, kuma ya san ya tambayi mai saye ko rufewa yake so ko ragewa, ya riga ya wuce da yawa daga cikin abokan hamayyarsa.

Bol-bawul yana da ƙwallo mai huda a tsakiya da hannu miƙaƙƙe. Hannu ya bi tsawon bututu, a buɗe yake. Ya gitta, a rufe yake. Yana rufewa sosai, shi ya sa masu gas da masu mai suke son sa. Saurinsa kuma shi ne haɗarinsa a babban layin ruwa: in aka datse ruwa mai gudu farat ɗaya, yakan doki bututu da ƙarfin da zai iya fasa shi ko ya ɓalle mahaɗa. Ga manyan bututai kuwa, irin na matatun ruwa kamar Tamburawa da Challawa, akan ga mai faifai a tsakiya da ke juyawa, wanda 'yan kasuwa ke kira batafilai. Siriri ne, ba nauyi, kuma da girma ya wuce inci huɗu ko shida yakan fi sauran araha.

Manoman rani na gefen kogin Jakara da madatsar Wasai, wadda aka gina a 1976, sun daɗe da sanin wani nau'in. Tun shekarun 1980 da hukumar noma ta KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa a fadamun Kano, manomi ya san fut-bawul, wanda ake ɗaurawa a bakin tiyon da ke cikin ruwa. Yana barin ruwa ya hau, ya hana shi komawa, don kada injin ya sha iska a sake ɗura masa ruwa kowace safiya. Ruwan Jakara yana tafe da dattin birni, ga na masana'antun Bompai da rafin Getsi ke zubo masa, saboda haka rariyar da ke jikin fut-bawul ta kan toshe da wuri, robarsa kuma ta kan lalace. Ɗan'uwansa da ake sa wa a tsakiyar layi shi ne nan-ritan. Shi ke hana ruwan tankin sama ya dawo ya juya injin da ke turo shi baya idan wuta ta ɗauke. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ɗan ƙarfen yana ceton injin da ya fi shi tsada sau ɗari.

Akwai kuma wanda rayukan mutane ke rataye a kansa, wato bawul na kariya da ake sa wa tukunyar tururi. Sifirin ne ke danne marfinsa. Idan matsin da ke cikin tukunya ya wuce iyakar da aka saita, marfin ya ɗaga da kansa, tururi ya fita da ƙara. Jiragen ƙasa masu tururi da suka riƙa ratsa Jogana zuwa Nguru tun 1930 kowanne yana da shi. A ranar 20 ga Maris 1905 tukunyar wata masana'antar takalma ta fashe a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu. Wannan bala'i yana cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta fitar da ƙa'idar tukunyar tururi ta 1914, wadda ta tanadi yadda za a ƙera tukunya da irin bawul na kariya da za a sa mata. Ƙa'idar ba ta yarda a sa wani marufi tsakanin tukunya da wannan bawul ba. Mai sayarwa bai kamata ya taɓa saitinsa ba, ko ya yanke darmar da aka rufe shi da ita, ko ya ba da mai matsin bar 16 a madadin mai bar 10 don shi ne ke akwai a sito. Cinikin da ya fi kyau a rasa shi ke nan.

Abin da ke ciki

Idan aka kwance get-bawul a kan tebur za a ga gangar jiki, da murfin sama da noti ke riƙe da shi, da sandar da sitiyari ke juyawa, da faifan da ke toshewa, da mazaunin da faifan ke zama a kai. A wuyan sandar akwai wani abu mai laushi da ake cusawa don hana yoyo, makanikai suna ce masa fakin. Tsakanin murfi da jiki kuma akwai gasket. Yawancin lalacewa a waɗannan masu laushin take farawa, kuma su ne masu arha. Ɗan kasuwan da ke ajiye fakin da gasket da mazauni na duk abin da ya sayar, kamfani zai dawo wurinsa ko ba ya shirin sayen sabo.

Gangar jiki ana yin ta da kas, wanda ke da arha amma yana fashewa in ya faɗi ko aka ɗaure shi fiye da kima. Ko da wani kas mai juriya da hukumomin ruwa suka fi so. Ko da ƙarfe zalla mai alamar WCB don tururi da mai. Ko da sitenles mai lamba 304 ko 316. Na 316 an haɗa masa wani sinadari, molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ya sa yake jure gishiri fiye da 304. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa, da ke aiki da gishiri da sinadarai masu cin ƙarfe, sun san wannan bambanci sarai.

A kasuwa ana yawan gwada sitenles da maganaɗisu. Gwajin ba ya isa. Akwai mai lamba 201, mai arha, wanda shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, amma yana tsatsa da wuri. Akwai kuma na ƙwarai da aka yi ta hanyar zubi wanda maganaɗisu kan ɗan kama. Na tagulla ya fi sauƙin ganewa. Jabunsa da tutiya ake yi a shafe shi da launi, ba shi da nauyi a hannu, kuma in aka goga masa zarto a wani lungu cikinsa fari ne, na gaske kuwa rawaya ne har ciki.

Robar ciki ma iri-iri ce. EPDM ta dace da ruwa, amma mai yana kumbura ta ya lalata ta. NBR ta dace da mai, amma ba ta jure zafi mai yawa. PTFE, farar nan mai santsi, tana kaiwa wajen digiri 200. Tururin tukunyar da ke aiki a kan bar 10 zafinsa ya kai digiri 184, ita kuwa EPDM ƙarfinta bai wuce wajen 120 ba, bawul na roba irin PVC kuma daga digiri 60 ya fara saki. Bawul biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, girma ɗaya, fenti ɗaya, ɗaya ya shekara goma a layin ruwa, ɗayan ya narke cikin mako a layin tururi.

Lambobin da ke jiki

A Ƙofar Ruwa tambayar farko ita ce, "Inci nawa?" Ga famfon gida ta wadatar. Ga kamfani, musamman na Nijar inda ake lissafi da milimita kuma takardu da Faransanci suke, ba ta kai ko'ina ba.

A jikin bawul akan ga DN da lamba, wato faɗin bututu: DN25 inci ɗaya ne, DN50 inci biyu, DN80 inci uku, DN100 inci huɗu. Sai PN, wato matsin da yake ɗauka. PN16 na nufin bar 16 idan abin da ke ciki ba mai zafi ba ne. Don a gane girman bar, tankin da ke sama da mita 10 yana ba da kusan bar ɗaya a ƙasa. Amurkawa kuma da nasu tsarin, na aji-aji: 150, 300, 600. Na aji 150 da aka yi da ƙarfe zalla yana ɗaukar bar 19.6 a yanayin da ba zafi, amma a digiri 200 sai ya koma 13.8. Duk bawul ƙarfinsa raguwa yake yi idan zafi ya ƙaru.

Inda aka fi yin asara shi ne filanja, wato faffaɗan bakin nan mai ramuka da ake haɗa bawul da bututu ta wurin ɗaure noti. A ɗauka wani ɗan kwangilar ruwa a Damagaram ya bugo waya ya ce, "Alhaji, a aiko mini da na inci uku guda goma." Alhaji ya ɗauko na aji 150 ya ɗora a mota. Filanjarsa ramuka huɗu gare ta. Bututun da ke jira a can DN80 PN16 ne, mai ramuka takwas. Ba dabarar da za ta haɗa su. Na inci huɗu ya fi ruɗarwa, domin dukansu ramuka takwas ne, sai dai da'irar ramukan PN16 milimita 180 ce, ta aji 150 kuma 190.5. Ido ba ya ganin wannan bambanci a shago, sai an je ɗaurawa. A lokacin kaya sun ƙetare iyaka, an biya kwastan, an biya mota, kuma dawo da su wani sabon kashe kuɗi ne. Wasu sukan kai wa mai walda ya faɗaɗa ramukan. Injiniya mai kishin aikinsa ba zai karɓa ba, kuma yana da gaskiya.

Ƙananan da ake murɗawa su ma zarensu iri biyu ne: BSP na Ingila, wanda aka fi amfani da shi a Najeriya da Nijar, da NPT na Amurka, wanda ke zuwa a jikin wasu injina. A inci ɗaya na farko zare 11 gare shi a kowane inci, na biyu 11 da rabi. Zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, in aka matsa masa ya ci zaren ya riƙa yoyo.

Saboda haka kafin a faɗi farashi sai an san abin da zai bi ta ciki, da zafinsa, da matsinsa, da yadda za a haɗa shi. Hanya mafi sauƙi a yau ita ce a roƙi mai saye ya ɗauki hoton tsohon bawul ta WhatsApp, lambobin jikinsa su fito sosai, ya kuma ɗora ma'auni a kan filanja. Ba abin kunya ba ne a ce, "Injiniya, a taimaka a turo hoton." Injiniyoyi sun fi sakin jiki da mai tambaya.

Takardu da hanya

'Yan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi da zoɓo sun san cewa mai saye na ƙetare ba ya karɓar rantsuwa, takardar gwajin tsabta da laima yake nema. Haka abin yake a nan. Masana'antar kirki tana gwada gangar jikin bawul da matsin da ya ninka nasa sau ɗaya da rabi, mazauni kuma sau 1.1. Wato na PN16 an gwada jikinsa a bar 24. Babban mai saye zai nemi takardar wannan gwaji, da takardar shaidar ƙarfe da ake kira 3.1, kuma lambar da ke takardar dole ta yi daidai da wadda ke jikin kayan. Sai a neme su tun lokacin oda daga wanda ya shigo da kayan, domin bayan an sauke kwantena samun su yana da wuya.

Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana cikin masu saye da ba sa duba kaya sai da irin waɗannan takardu. Sabon shiga ba daga nan zai fara ba. Kasuwarsa tana wurin masu haƙa rijiyar burtsatse, da masu ruwan leda, da masu ƙanƙara, da masu matsar mai na Maraɗi. A gida ma wata ƙofa tana tafe: bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni 2020. Manyan bawul na kan layin ba na ɗan kasuwar Gezawa ba ne, amma duk masana'antar da za ta koma amfani da gas sai ta sake bututan cikin gidanta, kuma gas ba ya yafe yoyon da ruwa ke yafewa.

Mai fitar da kaya ta hanyar doka yana bukatar rajistar kamfani a CAC, da rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da fom ɗin NXP da ake cikewa ta banki. A kundin kwastan na duniya bawul yana ƙarƙashin lamba 8481: nan-ritan 8481.30, na kariya 8481.40, kayan gyara 8481.90. Rangwamen harajin ECOWAS da na yarjejeniyar AfCFTA na kayan da aka ƙera a ƙasashen yarjejeniyar ne, bawul ɗin Wenzhou ba ya ciki ko da ya shekara a Kano. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Hanyoyin sanannu ne: Jibiya zuwa Maraɗi, Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram, ko kuma wadda ta fi kusa da mutumin Gezawa, ta Gumel zuwa Maigatari. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Bawul ba ya ruɓewa kamar tumatir, amma kuɗin da aka zuba a cikinsa yana kwance, canjin naira da sefa kuma yana motsi. Shi ya sa takardar farashi take bukatar a rubuta kwanakin da farashin zai yi aiki, da kuɗin da za a biya da shi, da wurin da nauyin kaya zai tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma na mai saye.

A sito, kada a cire murafen robar da ke toshe bakin bawul, domin ƙurar hunturu in ta shiga tana karce mazauni. Bol-bawul a buɗe ake ajiye shi, get-bawul a rufe, masu roba kuma nesa da rana. Na kas ba a jefa shi daga kan mota.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi zai nemo bawul uku a inda yake zaune, ko a tankin masallaci, ko a rijiyar burtsatse ta unguwa, ko a injin wani manomin rani, ya kwafo duk abin da ke rubuce a jikinsu, ya faɗi nau'in kowanne da irin ƙarfensa. Sannan ya rubuta amsar da zai ba wani mai casar shinkafa a Maraɗi da ya aiko saƙo yana neman "bawul na inci biyu guda shida" bai ƙara komai ba. Amsar ta ƙunshi tambayoyin da za a yi masa kafin a faɗi farashi, da nau'in da za a ba shi in ya ce na layin tururi ne mai bar 10 kuma yana son ya riƙa rage shi, da dalilin da ya sa na tagulla mai robar EPDM da ke kan kanta ba zai yi ba. A zo da amsoshin aji mai zuwa, tare da tsohon bawul ɗaya da za a kwance a gaban kowa.